Jirgin Fiton Dhulkandi Ya Zauna

Dhulkandi, 9 ga Yuni, 1997

Zuwa ga ƙanena Tofazzal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Rehana da yara. Yaya tarin nan naka? Har yanzu kana shaƙar hayaƙin ƙarfe kana cewa mura ce? Ni lafiyata ƙalau in ban da gwiwar hagu, ita kuwa mun daɗe muna rigima.

Wasiƙarka ta zo. Na karanta ta sau biyu, na biyun don in tabbata kai ka rubuta. Wai in tattara in komo Chittagong ka ware mini ɗaki, jirgi kuma a bar wa Baffa Jobbar ya ɗaure shi a mashigi, sai ranar da ka shirya ka gyara injin ka kai shi wani kogin da ba a yi wa gada ba. Sannu da ƙoƙari. Ɗakin nan ka zuba buhunan shinkafa a ciki, su ba su da baki.

Tun da ka manta bari in tuna maka. Babana Akkas da babanka Hatem suka sayi jirgin nan shekarar da aka yaye ka, ni na riƙe gwangwanin fenti aka rubuta masa suna Addu'ar Uwa. Shekara ashirin da bakwai yana fito. Ya ɗauki shanu, ya ɗauki 'yan biki, ya ɗauki gawa. Lokacin yaƙi ya ƙetare da mutum ɗari uku a wurin mutum tamanin, hudar harsashi uku tana nan a ƙugunsa. Da kogi ya cinye gidanmu da gonar kakanni da kabarin Inna cikin kwana biyu, wa ya karɓe mu? Dangi kowa ya ce ɗakinsa ya cika. Jirgin nan ne bai ce komai ba. Da aka gina gada fito ya mutu, muka ciccire bencuna, muka kafa bango da tabarmar gora, muka rufa kwano. Inda shanu suke tsayawa yanzu agwagina ne, kabewa kuma ta mamaye rufin. A ciki Baba ya cika, muka je muna roƙon wurin kabari a maƙabartar wasu kamar masu roƙon gishiri. Wannan abu bai bar zuciyata ba har yau.

Sai labari ɗaya, gara ka ji daga bakina. Na ɗage jirgi daga mashigi. Na sa an ja mini shi tsakiyar kogi, na saki anga biyu suka riƙe shi daidai inda gidanmu yake a da. Kada ka ce yaya na gane wurin. Na jera hasumiyar masallacin ƙetare da doguwar giginyar nan, yadda Baba yake yi in zai shigo gida cikin hazo.

Ka gaida Rehana, ka ce mata barkonon da ta aiko ba ya da zafi.

Yayarka,
Majeda

Chittagong, 2 ga Yuli, 1997

Zuwa ga yayata, Bubu Majeda,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙaramar ta yi zazzaɓi amma ta warware. Tarina mura ce. Rehana ta ce ba barkonon ba ne, harshenki ne ya fi shi zafi.

Bubu, da na karanta ƙarshen wasiƙarki sai da na zauna. Tsakiyar kogi? Da damina? Jirgin da injinsa ya shekara takwas bai yi tari ba? Na san kewar gida ce, ni ma tana damuna, amma ai ba a kwana kan kabari don ana son mamaci. Abin da kogi ya ci ya ci.

Ki ji ni da kyau, don a nan kaɗai na fi ki sani. Aikina kullum yankan jirage ne. Ana kawo su manya manya, waɗanda suka zaga duniya, a jira ruwa ya cika a tura su kan yashi da gudu. Daga ranar da cikinsu ya taɓa ƙasa sun zama gawa, sauran aiki namu ne da wuta. Tsakiyar kogin nan kuwa yashi ne mai yawo. In ruwa ya fara ja Addu'ar Uwa ya zauna a kan tudu, gaba a sama baya a rataye, gadon bayansa zai karye. Ke kin san wurin nan ƙarƙashin inji da na liƙe da siminti kafin in taho. Tsatsa ce kawai take riƙe da 'yar'uwarta.

Kuma kada ki manta rabin jirgin nan na babana ne. Ban taɓa faɗa ba sai yau. A kansa na koyi tafiya, a kansa na koyi sallah. Duk jirgin da na sa wa wuta a nan sai in ce a raina, akwai guda ɗaya da yake kan ruwa yana jirana. Da wannan nake iya tashi aiki da safe. Ina nan zan dawo in tashe shi, ko kina dariya ko ba kya yi.

Don Allah ki mai da shi mashigi. In taurin kai ya hana ki zuwa wurinmu, to ki yi taurin kanki a bakin gaɓa inda mutane za su ji ihunki.

Ƙanenki,
Tofazzal

Dhulkandi, 14 ga Satumba, 1997

Tofa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, Allah ya ƙara wa ƙaramar lafiya. Gwiwa na nan. Agwagwa ɗaya ta ƙyanƙyashe tara.

Wannan wasiƙa ba ta gidan waya za ta bi ba. Motaleb mai sayen rama zan ba, ya ce zai biyo ta wajenku. In ka karanta za ka gane dalili, don a mashigin nan ko atishawa ka yi sai ta kai kunnen Sikdar, attajirin nan mai haɗiye filaye, kafin ka ce alhamdu lillahi.

Kai kana tsammani kuka na zo yi tsakiyar kogi? Ni 'yar mai fito ce. Shekara biyu ke nan na lura ruwa ya sake hanya, yana cin gaɓar yamma yana zubo yashi a wajenmu. Kullum da safe in na fita kamar zan duba koma, sai in caka gorar awo ta Baba. Da na zo a watan Yuni, gaba huɗu. Yanzu, da ruwa cike, gaba biyu da kamu ɗaya. Ka lissafa da kanka abin da zai saura in ruwa ya ja. Gonar kakanninmu tana tasowa, Tofa. Jiya na zaro gorar da laka baƙa a bakinta, na shinshina, na zauna na yi kukan da ka ce na zo yi.

Doka ta ce ƙasar da kogi ya ci in ya amayar ta mai ita ce. Amma kai ma ka san dokar tudu: wanda hayaƙin murhunsa ya fara tashi a kai, shi mai awo zai tarar, shi zai rubuta. Tudu uku suka fito a kogin nan tun da nake, ukun duk Sikdar ya kwana da su. Kafin masu takarda su ɗaura zani, 'yan dabansa masu sandunan gora sun kafa bukka sun hura wuta. To ni ba sai na kafa bukka ba. Gidana na kawo da murhunsa, ina zaune a saman gonata ina jira ta taso ta same ni. Su suna can suna cewa tsohuwa ta zautu, ni kuwa ina taya su, har waƙa nake yi wa agwagi in na hango kwalekwale.

Saboda haka zaman da kake tsoro shi nake roƙon Allah. Na zaɓi wuri shimfiɗaɗɗe, zai zauna daidai ba zai karye ba. In aka yi awo aka gama, damina mai zuwa ruwa zai ɗaga shi, ka zo ka ɗauki abinka ka kai duk kogin da kake so.

Abu biyu nake so. Takardar gona tana cikin akwatin babanka, ka zo da ita da kanka kafin ƙarshen Nuwamba. Na biyu, ka kama bakinka, ko Rehana kada ta ji.

Majeda

Chittagong, 27 ga Oktoba, 1997

Bubu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, amma ni hankalina ba a kwance yake ba. Wata huɗu ke nan ba ko layi ɗaya daga gare ki. In maganar rabin jirgi ce ta ɓata miki rai, ki yi haƙuri, amma fushi ai ba ya hana a ce ina raye.

Shekaranjiya wani ɗan garinmu ya zo neman aiki, na tambaye shi labarinki. Ya ce, "Au, ba ka ji ba? Ai jirginku ya zauna tun sati biyu, tsohuwar tana ciki tana yi wa agwagi waƙa." Bubu, abincin da ke hannuna ban san inda na ajiye shi ba. Abin da na gaya miki ke nan. Kuma na san ki, ko ruwa ya kai miki wuya ba za ki kira kowa ba.

To ni na kira. Na aika wa Baffa Jobbar takarda ta hannun direban motar kifi, na yi kiran igiya da sunan babana. Kin tuna shekarar da jirgin gishiri ya zauna a ƙasan mashigi? Duk mai tuƙi a kogin nan ya ajiye aikinsa ya zo, ba wanda ya tambayi ko na wane ne, shinkafa da wake kawai aka dafa musu. Baba Akkas ne ya ɗaura igiyar da hannunsa, ya ce abin da ake cewa: igiyar da aka ɗaura ba a kwance ta sai jirgi ya tashi ko ya mutu. Kwana uku muka yi muna ja, tafin hannuna ya saɓule, amma ya tashi. Yau ga ranar da za a rama mana.

Ruwa yana ja kullum, ba lokacin jiran amsarki. Ki zage ni in kin ga dama, na saba. Ki dai dafa musu shinkafa.

Tofazzal

Dhulkandi, 6 ga Nuwamba, 1997

Tofazzal,

Assalamu alaikum. Ina da rai. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata.

Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Shekara biyu ina gadin Sikdar, ashe ƙanena ya kamata in yi gadi. Wasiƙarka ta zo yau, bayan an gama komai, daga ita na gane tawa ba ta same ka ba. An ce Motaleb yana kwance a garin surukansa da ciwon shawara. Wannan bai rage mini zafi ba, amma zan ba ka labari dalla-dalla don kada wani ya ba ka na ƙarya.

Ranar Litinin da hantsi ina tankaɗe shinkafa na hango kwalekwale sun fi ashirin. Jirgi ya zauna daram yadda na so, ruwa a gefensa iya gwiwa, ta gabas har yashi ya fara nuna baya. Kwana goma kawai nake nema. Kafin in sauko daga rufi, samari sun yi tsalle cikin ruwa da igiya kamar cinyata, Baffa Jobbar ya ɗaura ta a hancin jirgi ya yi bisimilla.

Na ce, "Baffa, wa ya mutu?"

Ya ce, "Ba wanda ya mutu, 'yar Akkas. Ɗan Hatem ne ya yi kira, mun amsa."

Na ce, "Ɗan Hatem yana Chittagong yana tari. Ni da ke ciki na ce muku na gaji da zama?"

Suka yi dariya. Wani ya ce, "Inna, shiga ciki ki riƙe tukwanenki, yanzu za ki ji ki a ruwa."

Sai ga ƙarar inji. Jirgin Sikdar ne, Gedu babban yaronsa a tsaye a gaba yana washe haƙora jajaye da pan, ganyen nan da suke taunawa kamar goro. Wai maigida ya ji abin da ya sami marainiya, ya aiko da inji a taimaka, don Allah kawai. Sikdar da don Allah! Na dubi cikin jirginsu, an rufa tamfol, amma iska ba ta iya rufa asiri ba. Ginshiƙai na gani, da kwanon rufi, da murhun ƙasa sabo fil.

Na ɗaga murya yadda na ƙetare zai ji. Na ce, "Gedu, jan jirgi da murhu ake zuwa? Ko shayi za ka dafa wa kifi?" Na juya ga mutane na ce, "Ku dubi ƙarƙashin ƙafafunku. Wannan gonar Akkas da Hatem ce kuke tsaye a kai. Kuna janye ni, kafin la'asar hayaƙin Sikdar ya tashi a nan."

Kowa ya dubi ƙarƙashin ƙafarsa. Rabinsu kogi ya ci gonakinsu su ma, sun gane. Na ga hannaye sun fara sakin igiya. Gedu ba wawa ba ne, ya dubi Baffa Jobbar ya ce, "To, Sarkin fito, yau za mu gani. Igiya dai an ɗaura. In ana kwancewa don tsohuwa ta yi ihu, gobe in jirgin wani ya zauna kowa sai ya kawo nasa uzurin." Nan ya kama su, don gaskiya ya faɗa ko da bakin ƙarya. Al'adar nan ita kaɗai ta rage wa masu tuƙi tun da aka yi gada.

Baffa Jobbar ya matso gefen jirgi, tsoho ruwa har cinyarsa, bai iya kallon idona ba. Ya ce a hankali, "Majeda, ubanki ne ya koya mini. Ba ni da ikon kwance ta. Sai ya tashi." Sannan ya ƙara da cewa, "Ko ya mutu."

Na ce, "Na ji, Baffa. Ku ba ni in sauke tukunya."

Na shiga ciki. Na ɗauki gudumar Baba da kurfin huda ƙarfe, na ɗaga katakon ƙasa na sauka ƙarƙashin inji, wurin da ka liƙe da siminti. A waje Gedu ya riga ya haɗa igiya da jirginsu, na ji ƙarfe yana kuka, gida ya motsa taƙi guda. Na dafa cikinsa na ce ya yafe mini. Bugu na farko simintinka ya tashi. Ka yi gaskiya, tsatsa ce kawai. A bugu na shida kurfi ya wuce, na bi gefe ina faɗaɗawa har ramin ya isa shigar akuya. Ruwa da laka suka bulbulo suka kai mini ƙugu. Injin Gedu yana ja, ciki yana cika, sai na ji wata ƙara daga tsakiya wadda ban taɓa ji ba, kuma ba na fatan in sake ji. Gadon bayansa ne.

Na fito jiƙe sharkaf da guduma a hannu. Na ce, "Baffa, shiga ka duba." Ya shiga, ya daɗe, ya fito yana share fuska da gefen zaninsa. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Da hannunsa ya kwance igiyar.

Gedu ya ce ai mahaukaciya ce. Na ce, "Ƙwarai. Ka gaya wa maigidanka mahaukaciya tana gaishe shi, kuma ta hura wuta." Ba wanda ya tafi sai da jirginsu ya juya. Na dafa musu shinkafa da wake yadda aka saba, aka ci. Mutum shida sun ce za su riƙa kwana a kwalekwalensu kusa da ni har mai awo ya zo.

Ga abin da kiranka ya jawo, ga abin da hannuna ya yi. Ba zan ce ban yi ba, kuma ba zan ce na yi nadama ba. Takardar gona nake jira.

Majeda

Chittagong, 19 ga Nuwamba, 1997

Bubu,

Wa alaikumus salam. Yara lafiya. Ni kwana uku ban je aiki ba.

Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka zo, ta Motaleb da safe, ɗayar da yamma. Da safe na yi ta murna ina neman mabuɗin akwati, har Rehana ta ce ko na yi tsintuwa. Da yamma na karanta ta biyun.

Na san ni na ɗaura igiyar nan daga nan inda nake. Na sani, ba sai kin ƙara faɗa ba. Amma ke kika ɗaga guduma, kuma wurin da na nuna miki da kaina kika buga. Na rasa wanda zan yi fushi da shi, sai na ga da ke ya fi sauƙi.

Ga takardar gona, na ba Motaleb, ya rantse wannan karon ba zai tsaya ko'ina ba. Ni ba zan zo ba. Gawar jirgi ina ganinta kullum a nan, ba sai na yi tafiyar kwana biyu don in ga wannan ba.

Tofazzal

Tudun Akkas da Hatem, 12 ga Disamba, 1997

Ƙanena Tofa,

Assalamu alaikum. Ina gaida Rehana da yara. Ka koma aiki, zaman gida ba ya tashin matacce. Gwiwa ta yi sauƙi, wataƙila don ta sami inda za ta taka.

Ka dubi saman wasiƙar nan ka ga inda nake. Mai awo ya zo ranar Talata da sarƙarsa. Sikdar ya aiko mutum da wata takarda, amma hayaƙina mai awo ya tarar, ga takardar kakanni a hannuna, ga Baffa Jobbar da mutum talatin tsaye a bayana. An rubuta sunaye biyu, nawa da naka. Ba duka gonar ta fito ba, kashi ɗaya cikin uku ne, kuma na san kogi yana iya dawowa ya karɓe abinsa baɗi ko bayan shekara goma. Sikdar ma bai haƙura ba. Su zo duka, suna iya samuna a gida.

Na watsa irin shinkafa a lakar gabas, na dasa barkono mai zafi na gaske. Ta arewa na kafa gora huɗu na keɓe wuri. Ranar da na mutu ba mai zuwa roƙon kowa.

Yanzu bari in gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba, don kada ka ɗauka kai kaɗai aka yi wa rashi. Shekara goma sha uku gidan nan yana jijjiga ni kamar goyo, ban taɓa lura ba sai da ya daina. Ina zuba ruwa a kwano ya tsaya cik. Ina tafiya a ciki ina tangaɗi, ƙafata tana jiran motsin da ba zai zo ba. Wani lokaci sai in dafa bango in tsaya, in ji ko zai numfasa. Ni na kashe shi, na sani, kuma da za a mai da ni ranar Litinin ɗin nan da na sake ɗaukar gudumar.

Ban ce ka yafe mini ba. Ka riƙe fushinka, kana da gaskiyarka. Amma fushi daga Chittagong ba ya isowa nan da zafinsa, kafin ya zo ya huce a hanya. Ka zo ka yi shi a gabana. Yanzu akwai ƙasar da za ka tsaya a kai ka yi shi, kuma taka ce.

Yayarka,
Majeda